Ku Mayar wa Wayoyinmu Haƙurin Jiran Tsohon Memori

Zuwa ga Shugaban Sashen Duba Manhaja,
da injiniyoyi biyun da suka sa hannu a gyaran direban memori,
a kamfanin da ya ƙera ƙaramar wayar nan mai maɓallai da koren baya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, aiki kuma yana tafiya yadda kuke so. Ranka ya daɗe, sunana Ramlatu, matar aure ce ni a Maska, cikin ƙasar Funtua, shekarata uku a ɗaki. Ban yi karatun kwamfuta ba, ban kuma taɓa rubuta wa kamfani wasiƙa ba. Abin da na fi iyawa shi ne karatun littattafan labari, har mutanen gidanmu na cewa in na buɗe littafi ko tuwo na ƙonewa ba na ji. Da gangan na rubuto muku da Hausa. Hausawa kuka sayar wa wayar, ba za ku rasa mai karanta muku ba. Ban kama sunan kamfaninku ba don ba tozarci ya kawo ni ba. Kun san kanku, duk mai riƙe da wayar ma ya san ku.

Abin da ya fito da ni fili shi ne, sunan maigidana ya ɓaci a cikin danginsa da masu kawo masa aiki saboda wasu layuka da kuka goge a manhajar wayarku. Wata huɗu ke nan da ya aiko muku da bayani da gyara, har yau ba ku ce masa ga matsaya ba. Ba zan rubuta sunansa ba, don ba a yi mini tarbiyyar kiran sunan miji ba, amma yana nan a kan saƙonsa da ke ajiye a wurinku. Gyaran waya yake yi a wata rumfa a kasuwar Funtua, kullum da safe ya hau babur ya tafi, ya dawo kafin magariba.

Ga yadda abin ya faru, daki-daki.

Na ɗaya, ina so ku san abin da memori yake a wurinmu, don na lura ba ku sani ba.

A unguwarmu mata da yawa ba su yi boko ba, waɗanda suka yi ma hannunsu ba ya rabuwa da aiki. Mai ɓarar gyaɗa ba ta riƙe littafi, haka mai tatar waken suya don awara. Tun ina amarya na fara karanta wa maƙwabciyata labari muna tsintar wake, sai ta ce in ɗaukar mata a waya don ta ji in ba na nan. Daga nan abin ya bazu. In na gama aikin safe sai in zauna a inuwar rumbu, in karanta babi biyu ko uku, wayar tana ɗauka. Ina canza murya, ta tsohuwa daban, ta saurayi daban, in an zo wurin kuka kuwa wani lokaci sai na tsaya na share hawaye sannan in ci gaba. Maigida ya kwafa mini a memori biyar. Memorin nan biyar su ke zagaya gidaje goma sha ɗaya.

Ba ma tura wa juna ta iska, don sabis ɗinmu sai an hau tudu. Cire memorin ake yi. Mace ta buɗe bayan waya, ta zaro shi da farce ko tsinken ashana, ta naɗe a 'yar takarda, ta ƙulle a haɓar zane, ranar Asabar a Islamiyyar matan aure a yi musaya. Kowane memori da launin zaren da aka ɗaure takardarsa, don a san wanda ke ɗauke da farkon labari da wanda ke ɗauke da ƙarshe. Ya shiga wannan waya, ya fita, ya shiga waccan. Ya sha gumi, ya sha garin masara, wani ma ya taɓa faɗawa cikin ƙullu aka tsamo shi aka shanya. Rubutun da ke bayansu duk ya goge, zinaren bakinsu ya dushe. Amma suna aiki. Shekara uku suna aiki a cikin wayarku ba mu taɓa jin kansu ba. Kuma ba labarina kaɗai ke ciki ba. Kowace mace tana da nata memorin na kanta, da wa'azi, da hotunan suna, da muryoyin 'yan uwa na nesa.

Na biyu, abin da kuka yi.

Bayan Babbar Sallah kuka aiko wa masu gyara sanarwa cewa akwai sabuwar manhaja, tana hana batir saurin ƙarewa, a sa wa kowa. Mu da muke kai caji shago, wannan albishir ne. Maigida ya tattara wayoyin gidajen nan a jaka, ya tafi da su Funtua, ya sa musu, ya dawo da su, ko sisi bai karɓa ba don duk dangi ne da maƙwabta. Ni da bakina na bi gida-gida ina cewa a ba shi. Gida goma suka bayar. Iya Kulu kaɗai, tsohuwar da ke ƙarshen layinmu, ta ce wayarta ba ta yi mata laifin komai ba, ba inda za ta.

Kwana biyu da dawo da wayoyin, sai suka fara nuna wani rubutu da Turanci duk lokacin da aka sa memori. Daga baya maigida ya fassara mini: wai memorin ya lalace, a goge shi a sake shirya shi? A ƙasa ga zaɓi biyu. Ranka ya daɗe, a wayarku maɓallin hagu shi ne na amincewa da komai. Da shi ake buɗe saƙo, da shi ake kunna karatu, da shi ake ajiye lamba. Duk macen da ba ta karanta Turanci ta san in waya ta tsaya tana tambaya, hagu ake dannawa ta wuce. A nan kuka sa gogewa. A cikin mako ɗaya memori bakwai suka zama fanko, huɗu na labari, uku na mutane.

Na uku, abin da maigida ya gano.

Ya yi kwanaki bai da sukuni, don da farko shi ma ya zaci hannunsa ne ya kuskure. Sai ya tuna kuna wallafa rubutun cibiyar manhajar wayar a fili, wadda kuke kira kanel, kowa na iya dubawa. Shi da kansa ya koyi karanta irin wannan rubutu, a hankali, tsakanin aiki da aiki. Ya bi ya kwatanta tsohon da sabon, sannan wata Juma'a bayan ya dawo masallaci ya zaunar da ni ya nuna mini a kwamfutarsa. Ban gane baƙaƙen ba, amma na gane jan launi, don ya ce duk layin da ya yi ja cire shi aka yi. Na ƙirga da yatsana, layi arba'in da ɗaya.

Ya ce a cikin kanel akwai wani yanki da ake kira direba, aikinsa kamar tafinta ne tsakanin waya da ɗan abin da ke kula da ramin memori. A tsohon rubutun, in an sa memori, direban yakan ba shi wuta, ya dakata kaɗan, sannan ya yi masa sallama. In bai amsa ba, ya rage sauri ya sake. In bai amsa ba, ya ƙara ragewa ya sake na uku. Sai ya yi uku babu amsa sannan ya ce memorin ya lalace. A sabon rubutun sallama ɗaya ce, da cikakken sauri, in ba amsa nan take a yanke hukunci. Sabon memori yana amsawa tun kafin a rufe baki. Namu da suka sha haɓar zane sai a ta biyu, wani sai a ta uku.

A saman jan layukan akwai bayanin wanda ya yi gyaran. Ya ce rubutun ya yi tsawo, ya maimaita kansa, yana wahalar da mai karatu, kuma babu sauran memorin da ke buƙatar wannan jira a yanzu. A ƙasa mutum biyu sun sa hannu cewa sun duba sun yarda. An kuma lissafa memorin da aka gwada da su, guda uku, dukansu sababbi daga kwali.

Ina so in yi muku adalci a nan. Maigida ya ce tsohon rubutun da gaske ya yi kaca-kaca, abu ɗaya an rubuta shi wuri uku, kuma wanda ya gyara ya san aikinsa. Ni ma ba na ƙin a rage. Na sha karanta littafin da marubuciya za ta cinye shafi biyar tana lissafa kayan ɗakin amarya, in ina ɗauka wa matan nan sai in tsallake, ba wadda ta taɓa cewa ta rasa wani abu. Amma sau ɗaya na tsallake wani shafi da na ga kamar ba shi da amfani, wata tsohuwa ce kawai ta ba yarinya zobe a tasha. Sai da muka kai babi na ƙarshe labarin ya tsaya cak a kan zoben nan, mata suka yi ta tambayata daga ina ya fito. Tun ranar ba na tsallake shafi sai na karanta littafin har ƙarshe na san abin da ya rataya a kansa. Wanda ya fara rubuta jiran nan sau uku ba don nishaɗi ya rubuta ba, wani memori ya gani ya ƙi amsawa. Cikinku ba wanda ya tambaya wane memori ne. Kun dubi teburinku, kun ga ba irinsa a kai, kuka rubuta cewa babu shi a duniya.

Na huɗu, abin da ya same mu, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan.

Labaran da suka goge ba su dame ni ba sosai, akwai kwafinsu a kwamfutar maigida. Amma cikin memori ukun nan na mutane akwai na Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. 'Yarta Sa'a ta yi aure a Malumfashi, ta rasu wajen haihuwa shekara biyu da suka wuce. A memorin akwai wata gaisuwa da Sa'a ta ɗauka ta aiko mata, ba ta fi minti huɗu ba, tana ba ta labarin tumatirin da ta shuka a bayan ɗaki, tana dariya. Gwaggo takan saurara kowace safiya in ta idar da lazimi. Ba ta taɓa bari a kwafa ba, don ko taɓa memorin ba ta yarda a yi, ranar da aka kai wayoyin Funtua ma sai da ta cire shi ta riƙe. Da wayar ta dawo ta mayar, ta ga rubutu, ta danna hagu. Da ta ga ba komai sai ta zaci wa'azin da ke ciki ne kawai ya gudu, muryar tana nan, ta aika shagon caji aka cika mata shi da wani. Maigida ya ce da ba a zuba sabon abu a kai ba, da wataƙila ya ceto muryar. Ya gwada duk abin da ya sani, bai samu ko daƙiƙa ɗaya ba.

Da ya je ba ta haƙuri ina tare da shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi ta ce, "Na ba ka waya tana magana da muryar 'yata, ka dawo mini da ita bebiya." Daga nan ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Tun ranar in ya durƙusa gaishe ta sai ta amsa wa bango. Na kai mata dambu ranar Juma'a, aka dawo da kwanon yadda na rufe shi.

Magana kuma ta fita gari. Wasu na cewa da gangan yake goge memorin mutane don a dawo a biya shi ya zuba. Wasu na cewa yana zare na asali ya sa jabu. Maganar ta hau babur ta riga shi isa kasuwa, har wani dattijo daga Mahuta da ya shekara biyar yana kawo masa aiki ya zo ya karɓe wayarsa ba a gama gyara ba. Mutumin da ake ba ajiyar waya da hotunan iyali a ciki, in aka daina yarda da shi, me ya rage masa? Yanzu yakan dawo tun la'asar, ya ce kasuwa ce ba ta ci ba, ni kuma in yi kamar na yarda. A Islamiyya matan da ke rige-rigen zama kusa da ni don su ji ci gaban labari sun koma gaishe ni daga nesa. Ni na ce su ba shi wayoyin.

Muna da hujja, kuma mai sauƙi ce. Wayar Iya Kulu da ba a taɓa ba tana nan. Memorin labarin da ya rage, mai jan zare, in an sa shi a wayata sai ta ce ya lalace, in an cire an sa a ta Iya Kulu sai muryata ta tashi tana karatu. Mun yi haka a gaban mutane fiye da sau goma. Amma Gwaggo ta ce ita ba ta san wannan ba, mai laifi dama ba ya rasa abin nunawa, matarsa kuma ba za ta ƙi bayansa ba. In ni ce a matsayinta, ni ma haka zan ce. Maganar da za ta shiga kunnenta sai ta waɗanda suka ƙera wayar.

Na biyar, yadda kuka karɓi gyaransa.

Bai tsaya kuka ba. Ya zauna ya rubuta gyara, layi goma sha biyu kacal, wanda ya bar tsabtar da kuka yi yadda take, ya mayar da jiran nan uku a wuri ɗaya ba tare da maimaici ba. Ya gwada a wata waya da ya sadaukar don gwaji, memori tara na unguwarmu duk suka amsa. Ba zai iya sa wa wayoyin mutane ba sai ya ɓarke su kamar ta gwajin, don kun kulle su, ba sa karɓar manhajar da ba hatiminku, ba sa kuma komawa tsohuwa. Sai ya aiko muku.

Bayan kwana tara ɗayanku ya amsa, ya ce layi biyu sun wuce tsawon da kuka ƙayyade, kuma ya bar fili tsakanin baƙaƙe inda bai kamata ba. Maigida bai ji haushi ba, ya ce ƙa'idar aiki ce, ya gyara ya sake aikowa a ranar. Bayan mako uku aka ce ya faɗi sunan kamfanin da ya yi memorin da lambarsa, in ba haka ba ba za a iya tabbatar da matsalar ba. Ranka ya daɗe, na riga na gaya muku rubutun bayansu ya goge tun tuni, kuma a faranti ake sayar da su a kasuwa, ba kwali ba takarda. Ya ɗauki hotonsu, ya kwafo abin da memorin ke faɗa game da kansa in an tambaye shi ta kwamfuta, ya ce in kuna so zai aiko muku da guda biyu ku gwada da hannunku. Daga nan shiru. Ya tuna muku sau biyu. An cire masara, an kai auduga kasuwa, har yau shiru. Kun sami lokacin auna tsawon layinsa, ba ku sami lokacin karanta abin da layin ya ce ba.

Saboda haka ga abin da nake nema, ba kuma zan gaji da nema ba.

Ku buɗe gyaran da ya aiko ku duba shi da idon da kuka duba na abokin aikinku. In ya yi, ku karɓa ku saki. In bai yi ba, ku faɗi inda ya gaza, ku rubuta naku, mu dai a mayar wa wayar haƙurinta.

Ku karɓi memori biyun da ya yi muku tayi. Na riga na naɗe su, ɗaya ma shi ne wanda ya faɗa ƙullu. Ku ajiye su a teburin gwajinku, duk ranar da wani zai sake rage rubutun direban nan, ya fara gwadawa da su kafin kowa ya sa hannu.

Ku cire gogewa daga maɓallin hagu, ku kuma sa tambayar da Hausa. Abin da ba ya dawowa bai kamata ya zauna inda yatsa ya saba faɗawa ba.

Na ƙarshe shi ne ya fi mini duka. Ku rubuto, ko layi uku ne, da sunan kamfaninku da hatiminku, cewa kuskuren daga gyaranku ne, ba daga hannun mai gyaran da ya bi umarninku ya sa manhajar ba. Ban nemi diyya ba. Muryar Sa'a ba ta dawowa, na sani, Gwaggo ma ta sani. Abin da zai iya dawowa shi ne ta amsa gaisuwar ɗan da ta goya.

Kada ku zaci in kun yi shiru maganar za ta mutu a takarda. Na ari wayar Iya Kulu, na zauna a inuwar rumbu inda na saba, na karanta wasiƙar nan tun daga sallama, na ɗauka a memori mai jan zare. Ban canza murya ba wannan karon, da tawa na karanta. Tunda waya ɗaya ce ta rage mai karɓarsa, ita da memorin za su zagaya tare, kowane gida mako guda, Iya Kulu ta ce a riƙe har a gama. Na tsara zagayen yadda gidan Gwaggo Rabi zai zo ƙarshe. Mako goma ke nan daga Asabar mai zuwa. A bayan karatun na bar wuri, na kuma faɗa a ciki cewa nan amsarku za ta shiga in ta zo, zan karanta ta kalma-kalma ba ragi ba ƙari. In ba ta zo ba, Gwaggo za ta ji na ce ga amsar kamfani, sannan ta ji shirun da kuka aiko mana watannin nan.

Allah Ya ba ku ikon duba wannan da zuciya ɗaya, Ya sa albarka a aikinku da iyalanku, Ya tsare ku daga ɗaukar alhakin wanda ba ku taɓa gani ba. Allah Ya jiƙan Sa'a, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta.

Wassalam.

Ramlatu,
matar mai gyaran waya,
Maska, ƙasar Funtua.